Yadda ake neman lemur a duwatsun tsingy na Madagaska

Akwai wani hoto da kusan duk mai sha'awar namun dajin Madagaska ya taɓa gani: wata dabba fara fat mai baƙar fuska da doguwar jela, wato irin lemur da ake kira sifaka, tana tsaye a kan tsinin dutse mai kaifi kamar bakin aska, a bayanta kuma dubban tsinaye irinsa sun miƙe har iya ganin ido. Hoton gaskiya ne, amma yana yaudarar baƙi da yawa, domin yana sa su zaci a kan duwatsun dabbar take zaune. Ba a nan take ci ba, ba a nan take kwana ba, ratsawa kawai take yi daga wannan kurmi zuwa wancan. Saboda haka wanda ya je ya kafa wa duwatsu ido tun hantsi har la'asar yana iya komawa masauki da ƙunar rana da yanka a tafin hannu, alhali dabbobin da ya zo nema suna can ƙasa cikin inuwar kwazazzabon da ya ratsa a guje yana ɗokin hawa sama.

Lemur dai dabba ce daga dangin birai, sai dai reshenta daban ne, domin ta fi biri tsawon baki da danshin hanci, kuma ta fi shi dogara da sansana. Ba a samun ta a daji sai a tsibirin Madagaska, in ban da iri biyu da ake kyautata zaton mutane ne suka tsallaka da su tsibiran Komoros. Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya raɗa mata sunan a 1758 daga wata kalmar Latin mai nufin fatalwa. Ire-irenta sun haura 100, tun daga mai nauyin giram 30 wadda take iya zama a tafin hannu har zuwa indri mai kai wa kusan kilo 9. A ƙididdigar da hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar a 2020, iri 103 cikin 107 suna fuskantar barazanar ƙarewa, 33 daga cikinsu kuma suna bakin gaɓa.

Kafin a yi maganar dabba, ya kamata a fahimci ƙasar, domin sigar ƙasar ce take faɗa wa mutum inda zai duba. Tsingy dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haɗa siminti da shi, wanda ya kwanta a ƙarƙashin teku sama da shekara miliyan 150 da suka wuce kafin ya ɗago ya zama tudu. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami, kuma wannan tsamin yana narkar da irin wannan dutse sannu a hankali. Daga ƙasa ruwa ya bi tsage-tsagen dutsen ya fafe koguna, rufin wasu kogunan ya rufta suka zama kwazazzabai masu zurfin gomman mitoci, daga sama kuma ruwan damina ya riƙa wasa abin da ya rage har ya bar shi tsini-tsini. Mutanen ƙasar sukan fassara kalmar tsingy da wurin da ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi. Idan aka ƙwanƙwasa siririn tsini da yatsa, sai a ji yana amo kamar ƙarfe. Abin lura a nan shi ne, duk ruwa da ƙasa da ruɓaɓɓen ganye can gindin kwazazzabai suke taruwa, don haka can itatuwa suke tsirowa, suna miƙa kai sama neman haske har rassansu su daidaita da bakin duwatsun. A saman dutse kuwa ba a samun komai sai tsirrai masu ƙaya da masu kumburarren jiki da ke ajiye ruwa. Abincin lemur ganye ne da 'ya'yan itace da fure da ƙaro, don haka inda itace yake nan za a neme ta.

Wurare biyu ne suka fi cancanta a fara da su. Na farko shi ne Tsingy de Bemaraha a yammacin tsibirin, cikin yankin Melaky, wanda aka keɓe tun 1927, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1990, sannan aka mayar da ɓangaren kudancinsa gandun dajin ƙasa a 1997. Shi ne mafi girma da ban mamaki, kuma akwai iri 11 na lemur a cikinsa. Zuwansa kuwa aiki ne ja. Daga garin Morondava da ke bakin teku ana tafiyar kimanin kilomita 200 zuwa arewa a kan hanyar ƙasa, cikin jif, ana bi ta layin kukokin nan da suka shahara, a tsallake kogin Tsiribihina a jirgin fito daura da garin Belo, sannan a sake tsallake kogin Manambolo kafin a shiga ƙauyen Bekopaka, inda ofishin gandun dajin yake. Awa 8 zuwa 10 tafiyar takan ci, wani lokaci fiye, gwargwadon jiran jirgin fito. Wanda ya ware kwana ɗaya tak a Bekopaka bayan wannan wahala ya cuci kansa, kwana uku cur su ne daidai.

Na biyu shi ne Ankarana a arewacin tsibirin, kimanin kilomita 100 kudu da birnin Antsiranana, wanda har yanzu mutane da yawa suke kira Diego Suarez. An keɓe shi a 1956, kuma ƙofarsa ta Mahamasina tana bakin babbar hanyar RN6, don haka ba ya buƙatar jirgin fito ko doguwar tafiya cikin ƙura. A ganina wanda lemur ce ta kawo shi, ba girman duwatsu ba, ya fara da Ankarana, domin dabbobin can sun saba da mutane, kurmin ya fi faɗi, kuma lemur mai kambi da ke wurin ita ce ta fi kowace yawan taka duwatsun. Akwai kuma Namoroka a arewa maso yamma, wanda hanyarsa ta fi ta Bemaraha wuya, da Tsimanampetsotsa a kudu da Toliara, inda lemur mai jela zobe-zobe take kwana a kogunan farar ƙasa. Wani abu kuma da yakan ruɗa baƙi shi ne wurin da ake kira Tsingy Rouge kusa da Antsiranana. Yana da kyan gani, amma jar ƙasa ce da zaizaya ta sassaƙa, ba farar ƙasa ba, kuma ba wurin neman lemur ba ne.

Batun lokacin tafiya, Madagaska tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka damina tana kamawa daga wajen Nuwamba ko Disamba zuwa Maris, tare da guguwar teku a watannin farkon shekara. A wannan tsakanin hanyar Bekopaka takan zama taɓo, gandun dajin ma a rufe yake. Daga Afrilu ake fara shiga ɓangaren Bemaraha da ake kira ƙaramin tsingy, wanda ake kira babban tsingy kuwa yawanci sai wajen Yuni hanyarsa take bushewa. Rani yana da amfani biyu ga mai neman dabba: itatuwa da yawa sun kaɗe ganye, don haka ido yana ratsa kurmi, sannan ruwa ya yi ƙaranci, dabbobi sun tattaru a kwazazzabai masu danshi. Sifaka tana haihuwa wajen Yuni da Yuli, jaririn yana manne a cikin uwa makonnin farko kafin ya koma gadon baya, don haka a Satumba ake ganin sa yana leƙe ta kafaɗarta. Lemur mai kambi da 'yan'uwanta masu launin ruwan ƙasa suna haihuwa wajen Satumba da Oktoba. Wanda ya fi son dabbobin dare kuma ya sani cewa ƙaramar lemur mai kitsen jela tana shiga kogon itace ta yi barcin da kan kai wata bakwai a lokacin rani, tana rayuwa da kitsen da ta tara a jela, ba ta fitowa sai zafi ya dawo. Idan aka haɗa waɗannan duka, ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba ya fi dacewa, da sharaɗin mutum zai iya jure zafi, domin a Oktoba dutsen yakan ɗau zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa. Takalmi mai kaurin ƙasa wanda ya rufe yatsu, dogon wando mai ƙwari, safar hannu ta fata ko irin ta leburori, hula, ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowane mutum, tocilar da ake ɗaurawa a goshi, da madubin hangen nesa mai ƙara girma sau 8. Madubin da ya fi wannan ƙarfi ba ya taimako a cikin kurmi, domin yana rage faɗin abin da ake gani, hannu kuma yana rawa bayan hawan tsani. Jaka ta zama ƙarama mai manne wa baya, saboda akwai tsagogin da sai an shiga a karkace, wasu ma da rarrafe. Tufafi masu duhun launi waɗanda ba sa ƙara idan suka gogi reshe sun fi. A kuma ga likita tun kafin tafiya game da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, sannan a riƙe isasshen ariary a hannu, wato kuɗin ƙasar, tun daga babban gari, domin da tsabar kuɗi ake biyan kuɗin shiga da na ɗan jagora.

Dokar hukumar Madagascar National Parks ce cewa ba a shiga gandun daji sai da ɗan jagora na wurin, kuma ko ba doka ba, babu mai hankalin da zai shiga wannan ruɗaɗɗen wuri shi kaɗai. Abin da ya rage ga baƙo shi ne ya san yadda zai amfana da shi. Yawancin masu zuwa gadar igiya da hoton duwatsu suke so, don haka idan ba a ce komai ba, ɗan jagora zai ɗauka kai ma abin da ya kawo ka ke nan, ya ja ka da sauri ta cikin kurmi. A je ofis tun da yammacin ranar da aka iso, a gaya masa ƙarara cewa lemur ake nema, a tambaye shi inda ya ga garke jiya da shekaranjiya, da itacen da ke 'ya'ya a wannan makon. Kowane garke yana da yankinsa da hanyoyin da ya saba bi, kuma 'yan jagora sun san su kamar yunwar cikinsu. Da yawansu suna jin Faransanci, wasu suna jin Turanci, amma sunayen gida sun fi saurin kaiwa ga biyan buƙata: sifaka sunanta ke nan ko'ina, masu ruwan ƙasa ana ce musu gidro a yamma, a arewa kuma ankomba.

Sammako shi ne rabin aikin. Daga Bekopaka zuwa bakin babban tsingy kilomita 17 ne kacal, amma mota takan yi kusan awa guda saboda ramuka, don haka wanda yake son ya riski dabbobi a farkon fitowarsu sai ya bar masauki da asuba. A watannin sanyi, da rana ta ɓullo, sifaka takan hau reshe mafi tsawo a gefen gabas, ta zauna ta buɗe hannuwa da ƙirji tana shan hantsi, kuma farin jikinta a wannan lokaci yana haskawa daga nesa kamar an rataye tsumma a kan itace. Bayan nan sai ci, har wajen ƙarfe 10 ko 11, sannan zafi ya kore su cikin inuwa su yi lamo, su dunƙule a gindin reshe inda ido ba ya saurin kama su. Sai wajen ƙarfe 3 na yamma suke sake motsi. Wannan ya nuna yadda za a tsara yini: kurmi da safe, hawan duwatsu da shiga koguna da tsakar rana lokacin da dabbobi ke hutawa, sannan kurmi kuma da la'asar. Akasin haka akasarin baƙi suke yi, suna rige-rigen isa ƙololuwa kafin rana ta take, kuma hujjarsu ta gudun zafi ba ta rasa tushe. Wanda ya kasa jure zafin sai ya raba abin biyu, kwana ɗaya na duwatsu, kwana ɗaya na dabbobi.

An ce gani ya kori ji, amma a cikin kwazazzabo ji ne yake riga gani. Ana tafiya a hankali, abin da mutanen ƙasar suke kira mora mora, ana tsayawa bayan kowane taku ashirin ko talatin a yi shiru na minti ɗaya. Abu na farko da za a saurara shi ne faɗuwar abubuwa: ɓawon 'ya'yan itace, guntun ganye, ƙaramin reshe, suna sauka ɗaya bayan ɗaya a kan busasshen ganye a wuri guda alhali babu iska. Na biyu shi ne kaɗawar reshe, wadda ta bambanta da ta iska domin reshe ɗaya ne yake lanƙwasa ya dawo da ƙarfi, sauran suna tsaye cik. Na uku shi ne murya. Masu ruwan ƙasa suna tafe suna wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa mai kama da na alade, da shi suke sanin inda juna suke, kuma da zarar kunne ya san shi ba ya sake ɓace masa. Sifaka kuwa daga kukanta na gargaɗi ta samo suna, wani sauti kamar atishawa da ke ƙarewa da ƙyas, shii-fak, tana yi tana fizge kai baya. A kuma riƙa duba ƙasa, domin 'ya'yan itace masu sabon cizo da ɗanyen kashi a kan dutse suna nuna garke bai yi nisa ba. Hanci ma yana da rabo, saboda waɗannan dabbobi suna shafa wari a jikin itatuwan da ke iyakar yankinsu, kuma a kwazazzabo marar iska warin yana daɗewa.

Idan an ɗaga kai, kada a nemi dabba sukutum, domin da wuya a gan ta haka da farko. A nemi jela da ke reto a ƙasan reshe, ko wani dunƙule a inda reshe ya rabu biyu, ko farin da ya fi na ɓawon itace haske. Sifaka a tsaye take riƙe jikin itace, ta rungume shi da hannu da ƙafa, don haka a bi gangar itatuwa da ido daga ƙasa zuwa sama. Masu ruwan ƙasa kuwa da ƙafa huɗu suke tafiya a kan rassan da suka kwanta. A fara gano wurin da ido tsirara, sannan a ɗaga madubi zuwa ido ba tare da an kawar da kallo ba, domin wanda ya sunkuya neman madubi a jaka ya rasa reshen ke nan.

A Bemaraha sifakar da ake gani ita ce ta Decken, mai sunan wani Bajamushe matafiyi, fara sol in ban da fuska, nauyinta kilo 3 zuwa 4 da ɗoriya, tana yawo cikin ƙananan garkuna, kuma tana cikin waɗanda ke bakin gaɓar ƙarewa. Ƙafafunta na baya sun fi hannuwanta tsawo sosai, da su take tunkuɗa kanta daga wannan itace zuwa wancan, tsallen da kan kusanci mita 10, ta juya a iska ta sauka da ƙafa. Tare da ita akwai jar lemur mai farin tabo a saman idanu, wadda idan ta ga mutum sai ta tsaya ta zuba masa ido tana kaɗa jela hagu da dama tana gurnani. A Ankarana kuma mai kambi ce sarauniya: namijin ja-ja ne mai baƙin tabo a tsakar ka, macen toka-toka, dukansu da zanen ruwan lemo a goshi mai siffar kambi. Sau da yawa suna kiwo kusa da lemur ta Sanford, wadda namijinta yake da farin gashi buzu-buzu a kunnuwa da kumatu. Mai kambi ta fi zama ƙasa-ƙasa, ta Sanford ta fi son sama, don haka wanda ya ga ɗaya ya duba ɗaya hawan. A tsakiyar rani masu kambi sukan shiga har bakin koguna neman ruwa. Wani abin lura a garkunan sifaka da na mai kambi shi ne mace ce gaba, ita take fara cin abinci, ita take zaɓar hanya, don haka wanda yake son ya san inda garke zai dosa ya sa ido a kan babbar macen.

Akwai wata da ake gani da rana ko da yake ta dare ce, kuma ita ce ladan mai duba kogon itace. Masana suna kiran ta Lepilemur, ba ta kai kilo ɗaya ba, ganye take ci, kuma tana wuni a bakin raminta. Ɗan jagora zai tsaya a gaban wani busasshen itace ya ce a duba, mutum ya duba ya ga rami kawai, sai can ya lura ashe ramin yana da manyan idanu biyu masu ruwan zuma, da kunnuwa zagaye, da yatsu huɗu da suka riƙe bakin kogon. Ba ta gudu, sai dai ta lumshe ido ta buɗe, ta ɗan zame ciki idan an matsa. Takan yi watanni tana amfani da rami ɗaya, shi ya sa 'yan jagora suka san gidajensu. A Bemaraha kuma, wanda ya yi sa'a zai ga dunƙulen iyali na wata lemur mai gashi kamar ulu suna barci a reshe, wadda masana suka bayyana a 2005 suka sa mata sunan ɗan wasan barkwancin Ingila John Cleese, mutanen wurin kuwa suna ce mata dadintsifaky, wato kakan sifaka.

Yawon dare ba a cikin gandun dajin ake yin sa ba, a gefensa ake yi, cikin kurmin da ke bakin hanya ko kusa da masauki, daga faɗuwar rana zuwa awa ɗaya ko biyu. Dabarar ita ce hasken tocila ya fito daga kusa da idon mutum, shi ya sa ta goshi ta fi, domin a bayan idon waɗannan dabbobi akwai wani shafi da ke mayar da haske ta hanyar da ya zo. Ana bin rassa da haske a hankali har a ga ɗigo biyu masu ruwan garwashi. Ƙananan ƙyalli masu fari ko kore a ƙasa gizo-gizo ne, hawainiya kuma ba ta ƙyalli, sai dai jikinta ya yi fari a ƙarshen reshe. Idan idanun suka ɓace suka bayyana a wani reshe cikin ƙiftawa, to ƙaramar lemur mai kama da ɓera ce. Kuka mai ƙarfi daga saman itatuwa da magariba yawanci na wata lemur mai zanen cokali mai yatsu a ka ne, wadda ƙaro ne abincinta. Da zarar an gano dabba, a rage haske ko a karkatar da shi gefe, kada a dalle mata ido da shi ko da fitilar kyamara. Aye-aye, wata lemur ta dare, tana cikin dazukan Bemaraha da Ankarana, amma ganin ta sai wanda rabo ya tsaga, bai kamata a gina tafiya a kanta ba.

Ladabin zama da su a taƙaice yake. Ana ba da shawarar barin tazarar mita 7 tsakanin mutum da duk wata dabba ta dangin biri, saboda cututtukanmu, har da mura, suna iya kama su. A wuraren cin abinci na Ankarana masu kambi sukan zo da kansu har kan tebur, sakamakon baƙin da suka riƙa miƙa musu ayaba, kuma abin da ya dace shi ne a rufe jaka a bar su su gaji su tafi. Idan ɗan jagora ya ɗauki sanda zai bugi itacen da dabba ke barci, ko zai girgiza reshe don ta yi tsalle a ɗauki hoto, a ce masa a'a cikin ladabi, domin yana yi ne don yana zaton abin da zai faranta ran baƙo ke nan. Ajiye lemur a gida haramun ne a dokar ƙasar tun 1962, saboda haka kada a biya kowa don ɗaukar hoto da wadda aka ɗaure. Idan garke ya ɓarke da kuka gaba ɗaya suna kallon sama, shaho suka gani, idan kuma ƙasa suke kallo ba kai ba, a tsaya cik a bi inda idonsu ya nufa, mai yiwuwa fosa ce, babbar mai farautar tsibirin, wadda lemur ce mafi yawan abincinta.

Wuraren nan kuma suna da masu su, kuma suna da abin da ake kira fady, wato hani na gargajiya. A kwazazzabon kogin Manambolo akwai kaburburan mutanen da, waɗanda ake kira Vazimba, kuma ba a nuna su da miƙaƙƙen yatsa, sai dai a lanƙwasa shi a yi nuni da gaɓa, haka ma duwatsun kansu. A arewa, kogunan Ankarana wuri ne mai alfarma ga ƙabilar Antankarana, wato mutanen duwatsu, domin a cikinsu sarkinsu Tsimiaro ya ɓuya da jama'arsa daga dakarun masarautar Merina ta tsakiyar tsibirin a shekarun 1830, kafin ya tsallaka teku zuwa tsibirin Nosy Mitsio ya karɓi Musulunci. A wurare da dama na ƙasar ƙabilar Sakalava da ke yammacin tsibirin kashe sifaka fady ne, kuma wannan yana cikin dalilan da ya sa take zama ta kalli mutum ba ta gudu. A tambayi ɗan jagora hanin kowane wuri kafin a shiga.

Saura hoton nan da aka fara da shi. A hanyar Andamozavaky ta babban tsingy, wadda takan ɗauki awa huɗu zuwa biyar, ana ɗaura wa mutum ɗamarar tsaro mai ƙugiya biyu da ake maƙalawa a igiyar ƙarfe, kuma ƙa'idar ita ce ba a cire ƙugiya ɗaya sai ɗayar tana maƙale. Ba a tafiya ana kallon sama a nan, kuma ba a ɗaga madubi sai ƙafa biyu sun kafu, domin tuntuɓe ɗaya a kan wannan dutse yana tsaga fata har ƙashi. Idan an kai dandalin katako da ke ƙololuwa, a zaɓi gefen da ake hango kurmi biyu da siririn dutse ya raba, a juya wa rana baya, a zauna. A riƙa kallon bakin kurmin, inda ganye ya haɗu da dutse, musamman da sassafe ko bayan la'asar. Alamar ita ce a ga farin abu ya fito ƙarshen reshe ya tsaya yana waige-waige. Ita ce babbar macen, takan daɗe tana auna tazara, sannan ta dira a kan tsini da tafin ƙafarta mai kauri, ta sake tunkuɗa kanta zuwa na gaba, sauran su biyo ta ɗaya bayan ɗaya a kan tsinayen da ta taka. Duka abin ba ya wuce 'yan daƙiƙu, don haka mai kyamara ya saita ta a kan tsinin da macen ta fara taka, ya jira na biyu da na uku.